Kan sarki marar sarki: yadda za mu karanta tsofaffin binyet na tallafi na Jamus

Hausa tana da suna biyu ga ɗan guntun takardar nan da ake liƙa wa ambulan kafin a jefa wasiƙa a gidan waya. A Kano da Katsina ana ce masa kan sarki, saboda waɗanda Turawan Ingila suka kawo Arewacin Nijeriya tun 1900 suna ɗauke da hoton kan mai sarautar ƙasarsu: Sarauniya Biktoriya da farko, sannan sarakunan da suka gaje ta. Mu a nan Nijar mun ari kalmar Faransanci, muna cewa tambur. Sunan na Kano ya fi namu bayani, domin ya kama ainihin abin. Takardar ba ta da wata daraja ta kanta. Ikon hukumar da ta buga ta shi ne ke sa ma'aikacin gidan waya ya karɓi wasiƙa a Yamai, wani kuma ya miƙa ta ga mai ita a Agadas. Inda babu wannan iko, abin da ya rage hoto ne mai haƙora a gefe da ƙaro a baya.

To, akwai irin wannan hoto birjik a duniya, kuma Jamus tana cikin ƙasashen da suka fi buga shi tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da tsakiyar na 20. Yana da siffar tambur, sau da yawa har da farashi a jikinsa, amma bai taɓa biyan kuɗin kai wasiƙa ba. Ƙungiyoyi ne suke buga shi su sayar don tara kuɗin taimako, wanda ya saya kuma ya manna shi a bayan ambulan ko a gefen tambur na gaskiya, don a ga ya bayar. Faransawa suna kiran sa vignette, kalmar da masu motocinmu suka sani ta wata fuska. A nan zan riƙa cewa binyet. Sha'awar tara shi kuwa suna ce mata érinnophilie, kuma malaman Faransanci za su so su lura cewa rabin farko na wannan kalma daga Jamusanci aka ɗauko shi, daga aikatau erinnern, wato tunawa.

Mai karatu zai iya tambaya ina ruwan Harobanda da wannan. Ƙetaren kogin nan unguwar jami'a ce, kuma gidajen malamai da tsofaffin ma'aikata ba sa rasa akwatin takardu: wasiƙun waɗanda suka yi karatu a Jamus ta Yamma ko ta Gabas, saƙonnin abokan alƙalami, abin da masu sauraron sashen Hausa na Muryar Jamus suka adana, da ƴan ƙunshin tamburan gauraye da baƙi kan kawo wa yara tsaraba. A cikin irin wannan tarkace ne tsohon binyet kan ɓullo. Yaro ya kawo shi lakwal, malam ya juya shi, ya ga baƙaƙen da ba ya iya karantawa, ya ce tambur ne na Jamus, a rufe magana. Ra'ayina shi ne wannan amsa ba ta isa ba, kuma tambayar da masu tara tambur suka fi yi, wato nawa ne kuɗinsa, ita ma ba ta isa ba. Binyet roƙo ne da aka buga a takarda. Gane shi yana nufin a san wanda ya yi roƙon, da wanda aka ce za a ba, da wanda aka bari a waje.

Abu huɗu masu kama da juna

Kama da wane ba ta wane. Kafin a yi hukunci sai an raba abu huɗu da ido kan haɗa. Na farko shi ne tambur na gidan waya zalla. Na biyu tambur ne na gidan waya mai ƙarin kuɗi, wanda akan rubuta masa farashi biyu da alamar tarawa a tsakani: na farko kuɗin kai wasiƙa, na biyu na taimako. Jamus ta fara buga irinsa a 1919, lokacin da aka ƙara fenik 5 a kan tamburan fenik 10 da 15 don sojojin da yaƙi ya naƙasa. Aka bi da na tsofaffi da yara a 1922, na yankin Rhein da Ruhr a 1923, sai jerin da ake kira Deutsche Nothilfe daga 1924 zuwa 1935. A wasu na shekarun 1920 ba a rubuta ƙarin ba sam, kalmar Nothilfe ce kaɗai ke nuna shi. Duk waɗannan kan sarki ne na gaskiya.

Na uku tambur ne na tilas. Misalinsa mafi shahara ɗan ƙaramin shuɗin nan na fenik 2 mai rubutun Notopfer Berlin, wanda ya zama dole a manna wa yawancin wasiƙun cikin gida a yammacin Jamus daga 1 ga Disamba 1948 zuwa ƙarshen Maris 1956, don tallafa wa yammacin Barlin da Rasha ta toshe wa hanya. Sunansa yana nufin sadaukarwa a lokacin ƙunci, amma a aikace haraji ne. Na huɗu shi ne binyet na ƙungiya, wanda gidan waya bai san da zamansa ba. Shi ma yana da maƙwabta biyu da ake rikita shi da su: binyet na talla, da kamfanoni suka yi ta rabawa kyauta kafin yaƙin 1914, da kuma hatimin takarda mai da'ira wanda ofisoshin gwamnati suka riƙa rufe ambulan da shi.

Tunanin binyet na taimako a wannan siffa an fi danganta shi da wani ma'aikacin gidan waya na Danmak, Einar Holbøll, wanda a 1904 ya sa aka buga na Kirsimeti don yara masu tarin fuka. Gicciye mai layi biyu da ake gani a kan binyet na yaƙi da wannan cuta a ƙasashe da yawa, a taron Barlin na 1902 aka zaɓe shi alama. Wanda ya ga wannan gicciye ya riga ya samu rabin amsa.

Tambayoyin da ake yi wa takarda

Tambaya ta farko: wa ya sa hannu? Tambur na hukuma yana faɗin sunan ƙasa ko na gidan waya, kuma sunan yana sauyawa da zamani. Reichspost na kafin 1902 ne. Deutsches Reich ya yi aiki daga 1902 zuwa 1943, sai Grossdeutsches Reich har 1945. Bayan yaƙi aka ga Deutsche Post, sannan Deutsche Bundespost a yamma da DDR a gabas, daga 1995 kuma Deutschland kawai. Idan maimakon waɗannan aka ga kalmar Verein ko Bund, wato ƙungiya, ko Stiftung, wato gidauniya, to binyet ne a hannu.

Ta biyu: da wane kuɗi ake magana? Fenik da mak na Jamus ne. In an ga dubbai ko miliyoyin mak a kan ɗan guntun takarda, to shekarar 1923 ce, lokacin da kuɗin ƙasar ya lalace har gidan waya ya buga tambur na mak biliyan 50. Gajartawar Rpf tana nuna tsakanin 1924 da 1948. Amma in an ga Heller, ko harafin h shi kaɗai bayan lamba, sai a dakata: galibi wannan kuɗin Ostiriya ne, ko da kalmar Deutsch ta cika takardar. A nan ne mutane da yawa ke zamewa, domin Jamusanci harshe ne da ya wuce iyakar Jamus, kamar yadda Hausa ta wuce iyakar Nijar. Haruffan k.u.k. su ma na Biyana ne.

Ta uku: da waɗanne baƙaƙe aka rubuta? Tsohon rubutun Jamus mai ƙahonni, wanda ake kira Fraktur, shi ne ke korar mai dubawa tun daga ƙofa. Babban tarkonsa doguwar s, wadda take kama da f in ba a lura da cewa ba ta da cikakken layin tsakiya ba. Babbar S kuma takan yi kama da G, babbar A da U. Wanda ya saba da ajami ya san wannan wahala, ya kuma san maganinta: a koyi ƴan kalmomin da ke maimaituwa. Spende gudummawa ce, Hilfe taimako, Opfer sadaukarwa, Wohlfahrt jin daɗin jama'a, Krieg yaƙi, Waisen marayu, Witwen matan da mazansu suka mutu, Rotes Kreuz ƙungiyar agaji ta jan gicciye. Kalmomi goma sun isa buɗe yawancinsu. Rubutun kansa ma shaida ne na zamani, domin a Janairu 1941 gwamnatin Hitler ta ba da umarnin daina amfani da Fraktur, bayan shekarun da ta yi tana tinƙaho da shi.

Ta huɗu: me takardar ke cewa in an ɗaga ta ga haske? Tamburan hukumar Jamus na rabin farko na ƙarni na 20 galibi suna da alama a cikin naman takarda: masu kusurwa huɗu daga 1905, mai kama da raga daga farkon shekarun 1920, alamar ƴan Nazi daga 1933. Binyet na ƙungiya ba kasafai yake da ita ba, haƙoransa kuma sau da yawa ba su da tsari. Hatimin gidan waya a kansa bai mai da shi tambur ba. Yakan faɗa masa ne saboda an manna shi kusa da na gaskiya. Sai dai wannan hatimi yana ba da rana da gari, shi ya sa ɓanɓare binyet daga ambulan ɗinsa ɓarna ce. Wanda ya yi haka ya raba shaida da inda ta tsaya ta ga abin da ya faru.

Sadaka, gudummawa, haraji

Da an gama wannan aikin ido sai aikin hankali ya fara. Bahaushe yana bambanta sadaka da gudummawa da haraji: ta farko tana tafiya daga mai hali zuwa mabuƙaci ba tare da neman a gani ba, ta biyu tana yawo tsakanin waɗanda ke bin juna bashin zumunci, na uku kuwa dogari ne ke biyo shi. Abin da tsofaffin binyet na Jamus ke nunawa shi ne yadda ake narka ukun a tukunya guda.

Mu ɗauki na Deutscher Schulverein, ƙungiyar da aka kafa a Biyana a 1880, masu farashin Heller 2. A kansu akan ga makaranta, ko hasumiyar ƙauye, ko fuskar mawaƙi. Malami zai ji sun burge shi, tun da kuɗin na gina azuzuwa ne. Amma azuzuwan a kan iyakar harsuna ake gina su, inda Jamusanci ke gogayya da harshen Cek da na Silobeniya, kuma manufar ita ce kada yaran wurin su tashi da wani harshe. Mu da muke koyar da Faransanci da safe, Hausa da rana, bai kamata mu wuce wannan hoto da sauri ba. Makaranta tana iya zama taimako, tana iya zama katanga, kuma binyet ɗin bai taɓa nuna yaron da ke ɗaya gefen katangar ba.

Yaƙin 1914 ya ninka wannan sana'a. An yi tarin Kreuz-Pfennig na jan gicciye, an yi na taimakon Gabashin Purusiya, an yi U-Boot-Spende a 1917 don ma'aikatan jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa, an yi Ludendorff-Spende a 1918 don naƙasassun sojoji. Ta fuskar zane, da yawa daga cikin abin da aka buga a lokacin yana da ƙarfi: launi biyu ko uku, fuska guda, kalma guda. Mai zanen ya san fili ƙarami ne, bai cika shi da surutu ba. Amma ƙarfin nan shi ne abin tsoro. Gwauruwa da maraya da ke kan takardar ba sa tambayar dalilin yaƙin. An ajiye su ne don mai kallo ya ji cewa mafita ɗaya ita ce ya ƙara bayarwa a ci gaba da yi.

Ƙarshen hanyar shi ne Winterhilfswerk, taimakon hunturu da gwamnatin Nazi ta mayar nata a 1933, wanda akan gajarta WHW. Sunan na gudummawar ganin dama ne. A aikace ana cire kuɗin daga albashi, ana bi gida gida da gwangwani, wanda ya biya a ba shi alamar da zai manna a ƙofa ko ya maƙala a riga, ta yadda za a gane wanda bai biya ba. Daga hunturun 1935 aka fitar da Yahudawa daga cikin masu cin gajiyarsa, har sai da suka kafa nasu. Tamburan hukuma masu ƙarin kuɗi na WHW, daga 1936 zuwa 1940, suna nuna gadoji da jiragen ruwa da manyan gine-gine, ba a ganin matalauci a kansu. Wanda ya riƙe ɗaya daga cikinsu ya ce ga tambur na sadaka, ya maimaita abin da aka buga shi don a faɗa. Adalci kuma ya sa a ambaci cewa al'adar ba ta mutu da wannan mulki ba: daga Disamba 1949 Jamus ta Yamma ta dawo da tamburan taimako, kuɗin yana zuwa ga manyan ƙungiyoyin agaji, ciki har da ta Yahudawa, saye kuma ba tilas.

Inda labarin ya taɓo mu

Jamus ba ta mulki Nijar ba, amma ta mulki wuraren da Hausawa ke zaune suna fatauci. A Yuli 1884 Gustav Nachtigal ya kafa tutarta a Togo da Kamaru, kuma wannan mutum ya san ƙasarmu, domin a 1870 ya bi ta Kawar da Bilma a kan hanyarsa ta zuwa Kukawa. Daga cikin ƴan sandan farko da Jamusawa suka ɗauka a Togo akwai Hausawa. A zangon Kete-Krachi kuwa Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano a 1858, ya yi aiki da jami'in Jamus Adam Mischlich, wanda ya fitar da ƙamus na Hausa a 1906. Ke nan duk takardar da ke ɗauke da sunan Togo ko Kamerun ta wancan zamani tana magana ne kan ƙasar da kakannin wasunmu suka taka da jakunan goro.

Tamburan waɗannan ƙasashe daga 1900 suna nuna abu guda: Hohenzollern, jirgin ruwan shaƙatawa na sarkin Jamus. Babu kasuwa, babu gona, babu mutum. Togo ta faɗi hannun Ingila da Faransa a Agusta 1914, Kamaru a Fabrairu 1916, amma aka ci gaba da buga tamburan jirgin ana sayar wa masu tarawa a Barlin har bayan ƙarewar yaƙin. Hukuma ce ta buga su, suna cikin kundin masana, duk da haka ba su taɓa ganin Lome ko Garwa ba. Ga kan sarki nan da ya koma binyet ba tare da an sauya masa ko ɗigo ba, saboda ikon da ke bayansa ya tafi.

Bayan yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta raba Jamus da ƙasashen da ta mallaka, sai aka shiga buga binyet na makoki da na tunatarwa masu ɗauke da sunayensu. Tun kafin yaƙi akwai ƙungiyar Kolonialkriegerdank mai tara kuɗi don tsofaffin sojojin mulkin mallaka, daga 1936 kuma Reichskolonialbund ta haɗe masu neman a maido da ƙasashen. Gidan waya shi ma ya sa baki a 1934 da tambura huɗu na tunawa, ɗaya da fuskar Nachtigal, ɗaya da ta Carl Peters, mutumin da gwamnatinsa da kanta ta kora daga aiki a 1897 saboda zaluncin da ya yi a Gabashin Afirka. Abin da mai karatu Bahaushe zai lura da shi shi ne wanda ake wa ta'aziyya. Mai mallaka ne ya yi hasara, shi ake tausaya wa. Ɗan ƙasa in ya fito a hoto, yakan fito ne a matsayin soja mai biyayya ko ɗan dako, shaidar cewa ana kewar ubangida. Kalmar tunawa da ke cikin sunan wannan sha'awa tana da nauyi a nan: an buga takardun don a tuna da wani abu, a kuma manta da wani.

Madubi a gida

Kada mu ɗauka darasin na Jamus ne kaɗai. Nijar ta samu tambur mai sunanta a 1921, da aka buga Territoire du Niger a kan na Haut-Sénégal-et-Niger, sannan nata na kanta a 1926, masu hoton rijiya da jirgin kogi da ganuwar sojan Damagaram. A 1931 yunwa ta yi wa yammacin ƙasar nan, ƙasar Zabarmawa, mummunar ɓarna bayan fara ta cinye amfanin gona. Ba a buga tambur mai ƙarin kuɗi don wannan ba. Na farko mai sunan Nijar sai a 1938, da hoton Pierre da Marie Curie, don yaƙi da ciwon daji. A 1941, lokacin da Pierre Boisson ke mulkin Afirka ta Yamma daga Dakar da sunan gwamnatin Vichy, aka buga Secours national a kan tamburan Nijar. Ƙasar da ake nufi da national ɗin Faransa ce. Tambayoyi ukun nan, wa ya roƙa, wa ya karɓa, wa aka bari, suna aiki a kan waɗannan kamar yadda suka yi a kan na Biyana da Barlin.

Bayan samun mulkin kai Jamhuriyar Nijar ta fitar da nata: na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a 1962, da na yaƙi da yunwa a 1963, kowanne dala biyar da ƙarin dala ɗaya. A nan aƙalla cutar tamu ce, yunwar ma tamu, ko da yake zanen na tarayya ne da wasu ƙasashe masu magana da Faransanci. Daga baya kuma wata cuta ta ɓullo. Tun shekarun 1990 ƴan kasuwa a waje suka riƙa buga takardu masu sunan ƙasashen Afirka, Nijar a ciki, da hotunan taurarin fim da ƴan wasa, ba da izinin gidan wayar ƙasar ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ta buɗe rajistar lambobin tambura a 2002. Tsohon binyet na Jamus, duk da aibinsa, yakan faɗi sunan ƙungiyarsa. Waɗannan kuwa sunan ƙasarmu suka ara don su sayar da abin da ba namu ba. Wanda ya koyi tuhumar na farko ba za a yaudare shi da na biyu ba.

Abin da ya rage gare mu

Manyan kundayen masu tara tambur, Michel na Jamus da Yvert et Tellier na Faransa, aikinsu jera abin da gidajen waya suka fitar da ƙiyasta farashinsa, don haka yawancin binyet na ƙungiyoyi ba sa cikinsu. Wannan ba laifi ba ne, iyakar aikinsu ke nan. Laifin yana ga ɗabi'ar da ta biyo baya, ta ɗaukar duk abin da ba shi da lamba a kundi a matsayin shara. Gaskiya ne mafi yawan binyet ba su da tsada, tun da an buga su da yawan gaske, kuma duk wanda ke fatan ya yi arziki da abin da ya tsinta a akwatin kakansa gara ya sassauta buri. Amma ga malami rashin tsadar nan alheri ne. Takarda ce ta tarihi ta asali, wadda ɗalibi zai iya riƙewa a tafin hannu ba tare da wani ya tsorata ba.

Darasi guda na awa ɗaya yana iya ɗaukar duka. A ba kowane rukunin ɗalibai takarda ɗaya, ko hotonta da aka ƙara wa girma. Su bayyana abin da suke gani da Hausa, su rubuta bayanin da Faransanci, su nemo sunan mai bugawa, su tantance kuɗin, su kimanta shekarar, su kawo hujja. Sannan a yi musu tambayar ƙarshe: wa ya kamata a gani a wannan hoto amma ba a gan shi ba? Wannan shi ne sharhin matani da muke wahalar koyarwa da dogayen shafuka, an taƙaita shi a fili da bai wuce babban yatsa ba. Yaron da ya iya yi wa binyet na 1917 wannan tambaya zai iya yi wa allon tallan wata ƙungiyar agaji da ke bakin hanyar Sayi, ko saƙon neman taimako da ya shigo masa a waya.

Ga ƙungiyoyin al'adu kuwa akwai aikin da ba ya jira. Ambaliyar 2012 da ta 2020 sun shiga gidaje da yawa a Lamorde da Karaje da maƙwabtansu, kuma abin da ruwa ya fara ci bayan hatsi shi ne takarda. Abin da ruwa ya bari, gara da laima suna nan suna jiransa. Ba a buƙatar kuɗi mai yawa: a ɗauki hoton ambulan gaba da baya, a rubuta gidan da ya fito da abin da masu shi suka sani game da shi, a ajiye shi a busasshen wuri sama da ƙasa, kada a jiƙa, kada a ɓanɓare, kada a manna da gam. Idan ƙungiyoyi biyu ko uku suka haɗa abin da suka samu, za a iya shirya ɗan baje koli a lakwal, ko a nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi na Boubou Hama. Kuma zai yi kyau masana harshe su ba wannan abu suna na Hausa wanda ya fi binyet zama a baki. Mutanen Kano sun duba tambur sun ga sarkin da ke bayansa. Saura mu duba wannan mu faɗi abin da muka gani.